Tuban Shafin Ƙarshe Ba Tuba Ba Ne

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zame wa marubutanmu ƙarfen ƙafa. Sai mutum ya cika shafi ɗari biyu da sheƙe aya, ya ƙawata ɓarna har mai karatu ya ji yawunsa ya tsinke, sa'an nan a shafin ƙarshe ya sa tauraron labarin ya ɗaga hannu ya ce ya tuba. Wai shi ke nan an yi faɗakarwa! To, wa ake yaudara?

In muna son sanin yadda ake wa'azi da tawada, mu leƙa tabarmar mai sayar da littattafai a kasuwar Ɗambatta ko Bichi. 'Yan ƙananan littattafan ajamin nan da ake sarowa daga kasuwar Kurmi, malami ne ya rubuta da hannunsa, maɗaba'a ta ɗauki hoton rubutun ta buga. Da irinsu manomi ke komawa gida, a rera a zaure bayan lisha, mata na saurare daga cikin gida.

Me ke ciki? Ɗauki "Tabbat Haƙiƙa" ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda Nana Asma'u (1793–1864) ta mayar Hausa daga Fulatanci. Ba ta yi wa kowa kara ba: azzalumin mai mulki da alƙali mai cin hanci, kowa an faɗa masa makomarsa. Haka "Gangar Wa'azu", haka "Imfiraji" ta Aliyu Namangi, makahon Zariya da ya rasu a 1990. Mutuwa da kabari da hisabi ne a gaban mai sauraro tun daga farko, kuma mai waƙar kan nemi gafara don kansa kafin ya rufe.

Na san za a ce ai ƙagaggen labari ba mumbari ba ne. Na yarda. Tun gasar 1933 da ta haifar da "Ruwan Bagaja" ba wanda ya ɗora wa marubuci rawanin liman. Amma in ka ce faɗakarwa kake yi, yi ta da gaske. Malamai sun ce tuba sai da nadama, da barin laifin, da ƙudurin ba za a koma ba, da mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Ina gonar marayun da tauraronka ya cinye a babi na uku? Ya mayar?

Matasa masu tasowa, ku nemi littattafan nan kafin gara ta riga ku. Wanda kuma yake ja, ga fili ga mai doki a fitowa ta gaba. Allah Ya sa mu dace.