WAIFAI NA KYAUTA: BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

Wani al'amari ya kunno kai a tsakanin matasan Gusau da Tsafe da Bunguɗu, wanda ya kamata 'yan uwa su tsaya su dube shi da idon basira. Duk inda aka ji ƙishin-ƙishin cewa akwai waifai na kyauta, ko a shagon intanet ne, ko a gidan abinci, ko a harabar wani otal, nan da nan sai a ga samari sun yi dafifi, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa kamar masu tsintar gero. Wani ya zo cike takardar neman aiki, wani ya zo duba sakamakon jarrabawa, wani yana so ya sauko da karatun malamai, wani kuwa zaman kashe wando kawai ya kawo shi. Amma kukansu ɗaya ne: waya ta kama ta saki, ta nuna ta haɗu amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Haka za a yini ana tsaki ana zagin waya, har la'asar ta wuce ba a sani ba.

Babu mai musun cewa matsi ne ya jefa matasa cikin wannan hali. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai ya tashi, sannan a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. A lokaci guda kuma an mayar da kusan kowace buƙata ta talaka cikin intanet: rajistar JAMB, neman aikin gwamnati, tura kuɗi, neman gurbin karatu. An ɗaure wa talaka kaya a ka, aka kuma ce ya biya kuɗin igiyar. Don haka ba abin zargi ba ne a ga ɗan raunana yana neman inda zai sami sauƙi. Abin zargin shi ne ya zauna cikin jahilcin abin da yake riƙe da shi a hannu.

AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Abu na farko da ya kamata kowane ɗan uwa ya gane shi ne, waifai daban, intanet daban. Waifai gajeriyar hanya ce kawai tsakanin wayar mutum da wani ɗan akwati da mai shago ya ajiye, wanda ake kira rauta. Shi wannan akwati ba ya haifar da intanet, ɗebo shi yake yi daga wani wuri, galibi daga layin waya da aka saka masa, wanda shi ma ya dogara da ƙarfen sabis na unguwar. Misalinsa kamar famfo ne da tanki. Famfo na iya zama sabo fil yana ƙyalli, amma in babu ruwa a tanki ko an kwana ana murɗawa ba abin da zai fito. To haka abin yake idan waya ta nuna alamar waifai a cike amma ta ce babu intanet. Ko dai datar mai shago ta ƙare, ko ƙarfen sabis ya mutu don rashin mai, ko an tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa a wani wuri da ake aikin hanya. A wannan hali wayar mutum ba ta da laifin komai.

Wani lokaci ma tsinkewar tana can nesa, inda ba wanda zai yi zato. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, sai ga shi bankuna da kamfanonin waya a Nijeriya da maƙwabtanta sun shiga ruɗu. Mutumin da yake zaune a Tudun Wadar Gusau a ranar yana kashe waya yana kunnawa, wahalar banza ya sha.

Sai kuma cinkoso. Ƙaramin akwatin da aka yi shi don gida ɗaya ba zai iya ɗaukar samari hamsin ba. Kowace waya sai akwatin ya ba ta lambar shiga, kuma lambobin da aka ware ƙidayayyu ne. In sun ƙare, sabon zuwa zai ga wayarsa tana ta juyi tana neman lamba har ta gaji. Waɗanda suka samu shiga kuwa kwano ɗaya suke ci. Mutum biyu masu sauko da fim sun isa su hana sauran cike takarda mai shafi ɗaya. Ga kuma bango da ƙofar ƙarfe da nisa, duk suna raunana siginar. Ga ɗauke wuta: duk lokacin da aka sauya daga wutar gari zuwa janareta, akwatin mutuwa yake yi ya sake tashi, kowa kuma ya faɗo.

ABIN DA MAI HANKALI ZAI YI

Maimakon tsaki, akwai matakai da ɗan uwa zai bi ɗaya bayan ɗaya, kuma duka ba za su ci masa minti goma ba.

Na farko, ya tambayi na kusa da shi. In kowa na kuka, cutar tana wajen mai shago, sai a sanar da shi ya duba datarsa ko ya kashe akwatin ya sake kunnawa. In kuwa shi kaɗai ne, to sai ya juyo kan wayarsa.

Na biyu, ya matsa kusa da akwatin. Akwatuna da yawa suna fitar da suna biyu, ɗaya mai lamba 2.4, ɗaya mai lamba 5. Mai lamba 5 ya fi sauri amma ba ya nisa kuma bango na tare shi. Mai lamba 2.4 ya fi nisa amma ya fi cinkoso. Na kusa ya zaɓi na 5, na nesa ya haƙura da ɗayan.

Na uku, ya umarci wayar ta manta da wannan waifai, sannan ya sake haɗawa da kalmar sirrin da ake amfani da ita a yanzu, domin sau da yawa mai shago ya sauya ta, waya kuma tana ta ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon mabuɗi.

Na huɗu, wasu wuraren suna da shafin shiga, wanda sai an buɗe shi an amince da sharuɗɗa kafin a saki hanya. In shafin ya ƙi fitowa, sai ya kashe datar layinsa na ɗan lokaci, ya kuma kashe manhajar VPN in yana da ita. Matasa da dama sun saka wannan manhaja tun lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, suka manta da ita tana aiki, alhali tana iya hana shafin shiga bayyana.

Na biyar, ya duba kwanan wata da agogon wayar. In sun karkace, shafuka masu tsaro za su ƙi buɗewa. Ya kuma duba ko ya kunna tsimin batir, domin wasu wayoyin suna sakin waifai da zarar fuskarsu ta yi duhu.

In an yi duk wannan abin ya ƙi, to a tashi. Wanda ya ba da kyauta bai ɗauki alkawarin komai ba, kuma ba a kai ƙarar mai sadaka don tuwonsa ya yi sanyi.

INDA GIZO KE SAƘA

Tsinkewar waifai ɓacin rai ne na yini ɗaya. Abin da ya fi shi haɗari shi ne wanda ba a gani. Duk wanda ya hau hanyar da ba shi da iko da ita ya sani cewa mai riƙe da akwatin na iya ganin sunayen wuraren da wayarsa ke ziyarta. Mafi muni, kowane ɗan damfara zai iya kunna waifai daga wayarsa ya raɗa masa sunan shagon, ya bar shi a buɗe ba kalmar sirri. Mai kwaɗayin banza sai ya faɗa, a nuna masa shafin bogi a ce ya saka lambar wayarsa da lambar sirrin da aka turo masa. Da ya saka, shi ke nan, an tafi da WhatsApp ɗinsa ko an yashe asusunsa. Gobe sai a ji ana bin 'yan uwa da sunansa ana roƙon kuɗi.

A jihar da masu garkuwa da mutane suke rayuwa da bayanan 'yan leƙen asiri, wannan ba wasa ba ne. Wayar ɗan uwa ba tasa ba ce shi kaɗai. A cikinta akwai lambobin iyaye, hotunan ƙanne mata, saƙonnin wanda ya sayar da hatsi ko shanu, da labarin ranar da wane zai bi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa. Duk wannan amana ce, kuma Musulunci bai ɗauki tozarta amana da sauƙi ba. Saboda haka kada a shiga manhajar banki a kan waifan da ba a san mai shi ba, kada a ba kowa lambar BVN ko NIN ko lambar sirrin da ake turowa, a tambayi mai shago ainihin sunan waifansa baki da baki, kuma a hana waya haɗuwa da kanta da duk buɗaɗɗiyar hanyar da ta gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

DARASIN 2021

Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin abin da ake nufi da dogaro da igiyar da ke hannun wani. A ranar 3 ga Satumbar 2021, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a faɗin jihar, kwanaki kaɗan bayan sace ɗalibai a ƙaramar hukumar Maradun. Hujjar ita ce a yanke sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu ba su labari. An ce mako biyu ne, amma sai ranar 1 ga Oktoba aka mayar wa Gusau, sauran sassan jihar kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka yi sanarwar sake su. Mutane suka riƙa biyan kuɗin mota suna ratsa Kwatarkwashi da Tsafe zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya, har ita ma Katsina ta rufe ƙananan hukumomi 13, ciki har da Funtuwar. Aka koma rubuta wasiƙa ana ba direbobi a tasha. A waɗannan makonni duk akwatin waifan da ke aiki da layin waya ya zama kwalin banza.

Shin hare-hare sun ƙare? A watan Satumbar 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu suka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya. Talaka ya biya farashin rufewa da cinikinsa da zumuncinsa, sannan ya ci gaba da biyan kuɗin fansa. Wannan ya isa ya nuna wa mai tunani cewa abin da wani ke riƙe da makunninsa, ranar da ya ga dama zai kashe. Kayan aro ba ya rufe katara.

MAFITA

Mafita tana cikin abin da addini ya daɗe yana karantarwa: tsari da taimakekeniya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasa ashirin a da'ira ɗaya, in kowa ya rage kuɗin kallon ƙwallo da na shayin dare, za su iya haɗa kuɗi su sayi akwatinsu, su gwada layukan da ke unguwar su zaɓi wanda ya fi ƙarfi a wurin, su haɗa shi da ƙaramin batir da faifan sola don kada ɗauke wuta ya shafe shi. A naɗa amintacce ɗaya ya riƙe kalmar sirri yana sauya ta lokaci-lokaci. A fifita mai cike takardar makaranta da mai neman aiki a kan mai nishaɗi. A kashe akwatin da zarar an kira salla. Inda jama'a suka fi yawa kuma aljihu ya yarda, akwai intanet na tauraron ɗan Adam irin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023 kuma bai dogara da ƙarfen sabis na unguwa ba, sai dai yana da tsada, kuma shi ma a san cewa na wani ne.

Haka nan duk abin da yake da wa'adi kada a bar shi sai ranar ƙarshe, balle a jingina shi da waifan kyauta. Littattafai da karatun malamai a sauko da su a adana a katin waya, a raba wa juna hannu da hannu ba tare da data ba. Lambobin mutane masu muhimmanci a rubuta su a takarda. Sannan a cikin kowace da'ira a samu mutum biyu ko uku su koyi wannan fanni sosai, gyaran waya da haɗa na'urori, ya zama sana'a gare su kuma hidima ga jama'a.

A wannan ƙasa ta Zamfara Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe kusan shekara biyar yana wa'azi, almajirai suna kwafar littattafai da tawada da alƙalamin kara, saƙo yana kaiwa inda ake so ba tare da ƙarfen sabis ba. Abin da suke da shi himma ce da tsari da sanin darajar lokaci. Abin kunya ne a ce jikokinsu, da duk na'urorin da ke aljihunsu, suna zubar da yini guda a gindin bangon wani suna jiran alama ta cika. Za a tambayi kowane matashi game da ƙuruciyarsa da yadda ya ƙarar da ita, kuma "waifai ne ya ƙi kamawa" ba amsa ba ce a wannan rana.

Allah Ya kawo wa Zamfara zaman lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya ba matasa basirar gane abin da zai amfane su duniya da lahira. Wassalam.