Sayen Dashe: A Duba Kafin A Biya

Jama'a, ga damina tana ban kwana, raɓa ta fara sauka, masu lambu kuwa sun fara gyaran fangali da duban injin ban ruwa. Mutanen Turai sai sanyi ya wuce, wajen watan Maris da Afrilu, suke fita sayen 'ya'yan shuke-shuke na lambunansu. Mu namu lokacin shi ne yanzu, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Sabo da haka yau ina so mu yi magana a kan dashe, watau 'yan ƙananan albasa da tumatir da tattasai waɗanda ake cirewa daga wurin reno a kai gona.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, mutumin da zai yi lambu ya reni dashensa da hannunsa. In kuwa ya zama dole ya saya, to, ya tafi har bakin fangalin da aka rene shi, ya gani da idonsa. Sayen ƙullin dashe a kasuwa, wurin wanda ba ka sani ba, cinikin biri a sama ne.

Ga dalili. Wani maƙwabcina a nan Sarandosa, ƙasar Maiyama, ya taɓa makara wajen yafa iri. Da ya ga abokansa sun fara dasawa, sai ya ci bashi ya tafi kasuwa, ya sami ƙulle-ƙullen albasa manya manya, kore shar, ga araha. Ya dawo yana murna, yana cewa ya yi wa kowa tsallake. Da hunturu ya kankama, sai wajen rabin gonar ya tashi ya yi fure, sauran kuwa ya yi ta rabuwa biyu biyu. Ya yi wata huɗu yana zuba mai a inji, yana sayen taki, yana biyan 'yan ƙodago, amma abin da ya kwashe bai biya bashin ba. Laifin ba na ƙasarsa ba ne, ba na ruwa ba ne. Tun ran da ya ɗauko ƙullin nan ya sayi asararsa. Ashe gaskiya ne, araha ba ta ado.

Abin da ya faru shi ne dashen ya tsufa a wurin reno. Albasa in ta riƙa, sa'an nan sanyi ya same ta, sai ta bar yin kai ta koma yin fure. Wanda aka dasa yana ƙarami kuwa sanyin nan ba ya sa shi haka, sai ma ƙarfi da yake ƙara masa. Don haka girman dashe ba shi ne kyansa ba. Dashen albasa mai kyau shi ne mai mako 6 zuwa 7, mai ganye 3 ko 4, tsawonsa kamar inci 6, wuyansa bai kai kaurin fensir ba, gindinsa kuma bai fara ɗaura kai ba. Na tumatir mako 4 zuwa 5 ya isa, na tattasai da attarugu mako 6 zuwa 8. Tumatirin da ya fara fure tun yana wurin reno, bar wa mai shi abinsa.

Abu na biyu, cuta. Dashe yakan zo da baƙi waɗanda ba ka gayyata ba. Ka warware ƙullin, ka duba na tsakiya, gama mai talla kan sa masu kyau a waje. In ka ga ganyen albasa da zane-zane fari kamar azurfa, to, akwai 'yan mitsi-mitsin ƙwari a cikin wuyansa suna tsotsa. In ka ga tabo mai launin shuni ko ruwan ƙasa, cuta ce wadda raɓa da yawan laima ke yaɗawa. Tumatir kuwa ka wanke saiwar ka duba. In tana da ƙululu kamar 'yan ƙurji, tsutsar ƙasa ce wadda ido ba ya gani, in ka kai ta gonarka za ta zauna shekara da shekaru. Ganyen da ya nannaɗe ya yi rawaya shi ma ba ya warkewa.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Kowa ya tuna da shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka sa wa suna sharon, ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ce abin ya zama na ta-ɓaci. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Ta shiga Sifen a 2006, daga nan ta bazu har ta iso mu. Ɗaya daga cikin hanyoyin da take bi kuwa shi ne dashe da kwandunan da ake ɗauka daga wannan gari zuwa wancan. Ƙwan ta yana manne a ganye, tsutsar tana cikin ganye tana yin farin tabo. Mutum ɗaya ya shigo da ita, sai fadama duka ta ɗauka.

Abu na uku, iri. A ƙulli ba ka iya rarrabe albasar da ke ajiyuwa da wadda ke ruɓewa cikin wata guda, duk kore ne. Ƙasar nan tamu ta Aliero da Jega da Maiyama da albasa aka san ta, ana lodinta har Ikko da Anacha. Maƙwabtanmu na Galmi a Jamhuriyar Nijar su ma sunan albasarsu ya kai ƙasashe da yawa, don sun riƙe irinsu. Ku fatake, wannan magana ta shafe ku. Buhun da aka gauraya iri a cikinsa, wani ja, wani fari-fari, wani mai kaurin wuya, shi ne ke ruɓe muku a hanya, shi ne kuma ke sa mai saye a kurmi ya rage kuɗi. Ya kamata ku riƙa tambayar manoman da kuke ba bashi inda suka samo irinsu.

To, na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce reno yana da wuya, ruwan ƙarshen damina yakan buge fangali, iri kuma yana da tsada, wani lokaci ma a yafa ya ƙi fitowa. Gaskiya ne, amma kowane ɗaya yana da magani. Irin albasa ba ya jure ajiya a zafi, in ya wuce shekara guda yawancinsa ya mutu. Sai ka ƙirga ƙwaya 100, ka nannaɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan kwana 12 ka ƙirga waɗanda suka tsira. In ba su kai 70 ba, ka nemi wani. Wannan gwaji ko kwabo ba ya ci. Mai sayen iri na gwangwani ko na leda ya duba ranar da aka rubuta, ya karɓi rasit, gama tun 2019 akwai sabuwar dokar iri ta ƙasa wadda ta hana sayar da jabu.

Fangalin reno a tada shi ya fi ƙasa tudu da kamar inci 6, faɗinsa kada ya wuce ƙafa 3, don hannu ya kai tsakiya. A tara kara a bisa a ƙone kafin shuka, a gauraya taki ruɓaɓɓe, ba ɗanye ba. A shuka layi layi, kada a yafa da yawa, gama cunkoso da yawan ruwa ke sa 'ya'yan su ruɓe daga gindi su kwanta. A yi rumfar ciyawa sama sama. Saura mako guda a cire, sai a yaye rumfar, a rage ruwa, don su saba da rana.

Ran dasawa, a jiƙa fangalin tukuna, don saiwa kada ta tsinke. A dasa da la'asar, ba da tsakar rana ba, a kuma dasa ran da aka cire. Wanda ya sayo daga nesa ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, kada ya tura cikin leda ya ɗaure a bayan babur. Kada a binne albasa da zurfi, inci guda ya isa. Tsakanin gindi da gindi inci 4, tsakanin layi da layi inci 6. Da wannan lissafi fangali mai ƙafa 6 da ƙafa 10 zai ci gindi 360, ka ga mutum ya san abin da zai saya, ba a cuce shi ba. A ba da ruwa nan take, a jinkirta takin zamani sai bayan mako 2, sa'ad da suka miƙe. Kada kuma a makara, gama albasar da ta shiga zafin Maris tana ƙarama ƙwari ne ke cinye ta.

Ku kuma malamai da akawuna masu son mangwaro ko lemo a tsakar gida, wannan doka ɗaya ce. Ku nemi mai aure, ku ga tabon auren da idonku. Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, na ƙwallo kuwa sai ya ninka haka, kuma ba ka san irin da zai ba ka ba. Amma shi ku dakata sai damina ta zauna, ku yage ledar kafin ku sa a rami, ku yi masa shinge sabo da awaki.

Shawarata ta ƙarshe ga masu unguwanni da sarakunan noma ce. Kowane gari a sami mutum biyu ko uku amintattu waɗanda za su yi reno na sayarwa, kowa ya san fangalinsu, kowa ya san irinsu, a ba su kafin alƙalami tun da wuri. In dashen ya ɓaci, ga mai shi a gari, ba sai an neme shi an rasa ba. Malaman gona suna nan, jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 ita ma tana da sashen aikin gona, tambaya ba ta zama laifi ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, lambun da zai biya bashi kuwa tun daga fangalin reno.

Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.