Takin Rana da Ruwa: Kafin Manoman Pauwa Su Tafa, A Zauna A Yi Lissafi

Wata magana tana yawo a tarukan Abuja, kuma ta fara isowa kunnen 'yan bokonmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa: wai ranar nan da ke gasa mu ita ce man fetur ɗinmu na gobe. Za a shimfiɗa farantan sola, a raba ruwa gida biyu da wutarsu, a fitar da iskar haidurojin, a haɗa ta da naitirojin ɗin da ke cikin iskar da muke shaƙa, sai ga taki. Jamus ta buɗe ofishi a Abuja domin wannan harka, kuma lokacin da shugaban gwamnatinta na wancan lokaci Olaf Scholz ya zo Najeriya a Oktoban 2023, haidurojin na cikin abin da ya ambata. Manomin masarar da kuɗin buhun yuriya ke hana shi barci duk damina, ba mai ganin laifinsa idan labarin ya faranta masa rai. Ilimin kuwa sahihi ne, tun 1800 Nicholson da Carlisle suka raba ruwa da lantarki a Ingila. Abin da nake nema shi ne a bi kuɗin, tun daga cikin injin har bakin gona.

A fara da cikin injin. A takarda, bolt 1.23 ya isa ya raba ruwa. A aikace sai an kai 1.8 zuwa 2, kuma rarar tana tafiya ne a zafi, wato asara. Abin da ke rage wannan asara shi ne irin ƙarfen da aka shafe sandunan lantarkin da shi, domin a fuskarsa ake yin aikin. A sandar da haidurojin ke fita, babu kamar filatinom. Dalilin yana kama da aikin dillalin kirki a kasuwar Sheme: ya riƙe mai saye da mai sayarwa daidai lokacin da ciniki zai faɗa, sannan ya sake su don wasu su zo. Ƙarfen da ya ƙanƙame haidurojin ya ƙi saki, fuskarsa takan toshe. Wanda kuma bai iya riƙo ba, ba abin da zai ƙullu a kansa. Filatinom ya faɗo tsakiya.

Nan ne ya kamata mutanenmu su lura da wani abu. Zinare ma yana cikin ƙarafan da ba sa tsatsa, kuma muna makwabtaka da ramukansa a Zamfara da Birnin Gwari. Sai dai zinare raggo ne a wannan aiki, riƙonsa ga haidurojin ya yi sako-sako. Saboda haka abin da ke ƙarƙashin ƙasarmu ba shi injin ke nema ba, abin da injin ke nema kuma ba a haƙo shi a Najeriya. Kusan kashi 70 cikin 100 na filatinom ɗin duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, sai Rasha da Zimbabuwe.

Ɗaya sandar, inda oksijin ke fita, ta fi wuyar sha'ani. Injinan zamani da aka fi tallatawa don haɗawa da sola suna aiki ne da wani siririn tantani mai ƙarfin asid, kuma haɗuwar asid da oksijin da wuta tana cinye kusan kowane ƙarfe. Ruteniyom yana da sauri amma yana narkewa da wuri. Wanda ke jurewa shi ne iridiyom, kuma duk duniya tan 7 zuwa 8 kawai ake samu a shekara, alhali zinare ana haƙo sama da tan 3,000. Ba shi ma da mahaƙa tasa ta kansa, a gefen aikin filatinom ake tsinto shi, don haka tsadarsa ba ta sa a ƙaro shi nan take. Injinan da aka saba suna cin gram 1 zuwa 2 a kowane kilowat. Da maganar haidurojin ta yi zafi, farashin oza ɗaya ya tashi daga kusan dala 1,500 a 2020 zuwa sama da 6,000 a 2021. Masu bincike suna ƙoƙarin rage yawan da ake shafawa, kuma suna samun ci gaba. Amma a layin sayen wannan ƙarfe akwai Jamus da Sin da Amurka da Japan, mu kuwa da naira za mu tsaya, wadda daga kusan 460 a dala a farkon 2023 ta kai wajen 1,500 a 2024.

Yanzu a auna da buhu, tunda shi manomi ya sani. Buhun yuriya mai kilo 50 yana buƙatar kusan kilo 28 na amoniya, wanda ke ɗauke da kilo 5 na haidurojin. Kowane kilo yana cin yunit 50 zuwa 55 na wuta. In aka ƙara wutar tace naitirojin da ta matse iska, buhu ɗaya ya doshi yunit 300. Farantin sola mai wat 500 a ranar Katsina yana ba da kusan yunit biyu da rabi a yini, wato wata huɗu kafin ya biya wutar buhu ɗaya, buhu uku a shekara. Wani zai ce ai wannan ba laifi. Da faranti ne kaɗai, da na yarda da shi. Amma faranti shi ne mafi arha a cikin kayan. Injin raba ruwan mai tsada zai yi aiki sa'o'in rana kawai, ya kwana yana jiran gari ya waye. Tukunyar haɗa amoniya kuwa tana son zafin digiri 400 zuwa 500 da matsi mai tsanani, kuma ba ta son a riƙa kunnawa ana kashewa, don haka sai an sayi tankunan ajiyar haidurojin ko tulin batura. Idan kuma ana so a kamo masana'antar takin Ɗangote ta Legas, wadda aka buɗe a Maris 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, lissafin yana kaiwa farantai miliyan 20, da wutar da ta kai kusan rabin duk abin da layin ƙasa ke rarrabawa a shekara.

Akwai kuma wani giɓi da ban cika jin masu tallan suna taɓawa ba. Yuriya ba amoniya kaɗai ba ce. Kowane buhu yana buƙatar kusan kilo 37 na iskar kabon. Masana'antar da ke aiki da gas tana samun wannan a ɓagas, domin daga cikin gas ɗin yake fitowa. Ta sola ba ta da shi. To me za ta ba manomi? Ko dai amoniya zallarta, wadda guba ce da ake ajiyewa a tanki ƙarƙashin matsi, ana cusa ta cikin ƙasa da na'ura ta musamman. Ko kuma takin amoniyom naitiret, wanda haɗa shi ma sai da ragar filatinom da rodiyom, kuma shi ne ya tashi tashar jiragen ruwan Beirut ranar 4 ga Agusta 2020, ya kashe sama da mutum 200. Wane mai hankali ne zai so a tara wannan a gefen dajin da muka sani da rashin tsaro?

Ruwan da ake buƙata ba shi da yawa, lita 9 ga kowane kilo na haidurojin a lissafi, ƙila ninkinsa a aikace. Matsalar tsarkinsa ce. Ruwan rijiyar burtsatse yana ɗauke da ƙarfe da gishiri da farar ƙasa narkakku, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu ya isa ya toshe tantanin, ya dakushe fuskar filatinom. Dole a tace shi fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba, kullum, ba fashi. Ranar da matatar ta lalace aka ce a ci gaba a haka kafin kayan gyara su iso, ranar aka fara binne injin. Ko da kulawa mai kyau, zuciyar injin sai an canza ta bayan wasu shekaru, da dala kuma.

Afirka ta taɓa gwada wannan hanya. Kamfanin Sable da ke Kwekwe a Zimbabuwe ya yi shekaru fiye da arba'in yana haɗa taki da haidurojin ɗin da ya raba daga ruwa, da wutar madatsar Kariba. A 2015 ya kashe injinan saboda tsadar wuta, ya koma shigo da amoniya. Masana'antar Kima ta Aswan a Masar, da ta fara a 1960 da wutar kogin Nilu, ita ma ta koma gas. Waɗannan suna da wutar da ba ta ɗaukewa da faɗuwar rana. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai babban kuɗin da ba ya shiga takardar ɗan kwangila, wato tsaro. Duk bakanike a Funtuwa ko Malumfashi ya san dalilin da ya sa ɓarayi ke yanke indomin salansar mota: 'yan gram na filatinom da faladiyom da rodiyom da ke ciki. Yanzu a ɗauki irin wannan dukiya a ajiye a yankin da aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, yankin da manomi ke barin gonarsa ta nesa saboda tsoro. Katsina ta san yadda hakan ke ƙarewa. Tashar wutar iska ta Lambar Rimi, mai megawat 10 kacal, ta tsaya cak bayan an sace injiniyan Faransa Francis Collomp a Disamba 2012, aikin ya ja fiye da shekara goma. A 2016 kuma an sa hannu da kamfanoni 14 kan tashoshin sola na sama da megawat 1,000, har da a Kankiya, shekaru suka wuce ba a ga sun tashi ba. Sola zalla ke nan, wadda ta fi wannan sauƙi ninkin ba ninki.

Gaskiya ne akwai tsohon nau'in inji mai aiki da nikel, ba ruwansa da iridiyom, kuma Sin tana ƙera shi da arha. Sai dai ya fi son wuta mai tsayuwa, ba ta rana mai hawa da sauka ba, kuma bai goge ko ɗaya daga sauran kuɗaɗen da na lissafa ba. Har yau haidurojin ɗin gas ya fi na sola arha ninki biyu zuwa uku, mu kuma ƙasar gas ce, ga bututun Ajakuta zuwa Kaduna da Kano mai kilomita 614 da aka ƙaddamar a 2020.

Ba na cewa a rufe ƙofar bincike. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana gwajin farar ƙasar Ƙanƙara wajen haɗa sinadaran zaburar da aikin tace mai. Irin wannan ne ya cancanci kuɗi, a Zariya da Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, musamman neman abin da zai maye gurbin iridiyom. Amma farantin da zai ba da buhu uku a shekara, in aka haɗa shi da famfo, zai ba da ruwan noman rani tun makon da aka kafa shi.

Ina kira ga wakilanmu na mazaɓar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da masu ba gwamnati shawara a Katsina: duk wanda ya zo da takardar masana'antar takin haidurojin, a tambaye shi inda zai samo kabon, da wanda zai biya canjin zuciyar injin, da nawa buhu zai tsaya a kasuwar Dandume in an cire tallafin Turai. In bai kawo amsa a rubuce ba, kada a ba shi ko kadada ɗaya ta gonar talaka.