Keken Birni: Kada Yawan Giya Ya Ruɗe Ku

Jama'a, in za ku sayi keken zuwa aiki a cikin gari, ni dai shawarata ita ce ku nemi mai giya a cikin cibiyar tayar baya. Dabarar tsohuwa ce. A 1902 kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham a Ingila ya fara ƙera ta, kuma ita ke kan wasu kekunan Raleigh da kakanninmu suka hau. Amfaninta a fili yake: haƙoran giyar suna rufe, ƙurar hunturu da taɓon damina ba sa kai musu, sarƙa kuma ba ta tsalle daga wannan faifai zuwa wancan balle ta zame. Abin da ya fi burge ni shi ne kana tsaye a danja za ka iya sauya giya, ka tashi da sauƙi. To amma wacce za a ɗauka? Rohloff ta Jamus giya 14 gare ta, sai dai kuɗinta kaɗai ya fi na kekuna da yawa. Shimano Nexus mai takwas ta dace da gari mai hawa da gangara kamar Jos. A shimfiɗaɗɗen gari irin Kano ko Amsterdam, uku sun wadatar. Ku sani irin wannan giya tana da ɗan nauyi, kuma cire tayar baya in an yi faci sai da haƙuri. Don haka kafin ku biya, ku tambayi mai gyaran keken unguwarku ko ya iya buɗe ta, kuma ko kayanta na samuwa a kasuwa.