Tsaraba ta cika akwati, yaron fa an shirya masa?

Duk wanda ya leƙa filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai lokacin hutun makaranta ko na Umara, zai ga iyalai da akwatuna maƙil da kilishi, yaji da ƙuli-ƙuli. Tsaraba kam an shirya ta tsaf. Amma ka tambayi maigida ina katin rigakafin autansa, sai ya waiga wajen uwargida, ita ma ta waigo shi.

Na taɓa ganin wata baiwar Allah da goyo a baya, yara biyu riƙe da zanenta, tana share hawaye a wurin awon kaya. Fasfon ɗaya daga cikin yaran ne ya kusa ƙarewa, babu wanda ya duba. Jirgi ya tashi ya bar su, maigida kuma ya hau ta da faɗa, alhali shi ya sayi tikitin.

A ganina, shirin tafiya da yara aikin uba da uwa ne tare, kuma daga takardu yake farawa. Jariri ma yana buƙatar fasfonsa, kuma ƙasashe da dama suna son ya rage aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Allurar rigakafin shawara ana yi wa yaro ita tun daga wata 9, kuma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Masu zuwa Saudiyya aikin Hajji ko Umara ana neman su da ta sanƙarau. Idan uwa ce za ta tafi ita kaɗai da yara, maigida ya rubuta mata takardar amincewa, ta haɗa da takardun haihuwarsu. Duk wannan ba aikin daren tafiya ba ne.

Sai jakar hannu. Akwati yana iya makara, ko ya bi wani jirgin, musamman in za a sauya jirgi a Kasablanka, Istanbul ko Addis Ababa. Don haka famfas, kayan canji, rigar sanyi da maganin yaro su kasance a hannu. Dokar da ta hana shiga da abu mai ruwa fiye da mililita 100 ta yi sassauci ga madara da abincin jarirai, a nuna wa jami'ai kawai.

Kukan da yara ke yi wajen tashi da sauka, ba rigima ba ce, kunne ne ke musu ciwo saboda sauyin ƙarfin iska. A ba jariri nono a lokacin, babba kuma a ba shi ruwa ko abin taunawa. Haɗiya tana buɗe kunnen. Yaron da bai kai shekara 2 ba galibi a cinya yake tafiya, to malam, cinyarka ma ai cinya ce. Karɓe shi uwar ta samu ta ci abinci.

Mu kuma sauran fasinjoji, mu rage harara da tsaki. Wanda ya ga uwa tana fama da goyo da jaka a matakalar jirgi, ya karɓar mata jakar. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya.