Kundin SIWES na intanet: a fara fayyace ma'auni

Tun 1973 da asusun ITF ya ɓullo da shirin SIWES, ɗaliban manyan makarantu ke cika littafin koyon aiki, jami'in da ke kula da su ya sa hannu. Ma'aikatan tarayya sun san yadda abin yakan kasance: a cike shafukan wata shida cikin dare ɗaya, a sa hannu ba a karanta ba.

Mayar da littafin kundin intanet ba zai magance wannan ba muddin ITF da hukumar NUC ba su fayyace abin da ake ba wa maki ba. Ɗalibar da ke tasowa kullum daga Maje zuwa wata ma'aikata a Abuja ta cancanci sanin ma'aunin tun ranar farko: shaidar aikin da ta yi da kwanan watansa, kuskuren da ta gano, da yadda ta gyara shi. Gogewar Turanci ta samu kaso kaɗan, domin manhaja ma tana iya rubutawa. Sannan ta kare kundin da bakinta a gaban malaminta. In ba haka ba, mai kuɗin data ne zai kwashe maki.