Bitas Ba Ya Wanke Jini

Samarin Anloga, wa ya ce muku giyar da aka jiƙa da sassaƙe tana wanke jini, ta kori ƙurajen fuska? Ƙarya ce! Maiƙo da matacciyar fata ne ke toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su samu maɓoya. Akpeteshie ba ya buɗe ko ƙofa ɗaya. Aikinsa yawaita fitsari, ya busar da jiki, ya ɓata barci. Hanta kuwa, wadda ita ce mai tace jinin, ita yake ci har ido ya yi rawaya. Mai sayarwa ya ƙirga sidi, kai ka ƙirga ƙuraje. In sun dame ka, asibitin Komfo Anokye na nan cikin Kumasi. Je ka ga likita.